Kafin a Ƙirga Masu Gigin Tsufa a Durun, a Fara Gyara Tambayar

Durun ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, a yammacin jihar Kano. Kamar sauran garuruwan yankin, gari ne na manoma, inda dattijo yake zama cikin 'ya'ya da jikoki har ƙarshen rayuwarsa. A irin wannan wuri ba baƙon abu ba ne a ji an ce wane ya ruɗe, ko kuwa wance gigin tsufa ya kama ta. Tsohuwa ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba. Dattijo ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, ko ya riƙa kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu shekara talatin da suka wuce. Abin sananne ne ga kowa. Abin da masu tsara harkar lafiya suke bukatar sani shi ne, mutum nawa ne cikin tsofaffin gari irin wannan suke cikin wannan hali, kuma nawa ne suka kama hanya ba su kai ba tukuna. Matsayin wannan maƙala shi ne, duk adadin da za a samo a Durun ba zai zama abin dogaro ba matuƙar ba a fara yin aikin harshe ba, kuma wannan aiki yana wuyan manazarta Hausa tun kafin ya kai ga likitoci.

A likitance, abin da ake magana a kai lalacewa ce da take samun ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ta taɓa tunawa da magana da lissafi da sanin wuri da iya yanke shawara, har ta hana mutum tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Cututtuka da dama ne suke haddasa ta. Mafi yawa ita ce wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu matsalar. Mai bi mata ita ce wadda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa take kawowa, 'yar'uwar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Tsakanin lafiyayyen tsufa da cikakken gigi kuma akwai wani mataki, wanda za a kira shi raunin tunani mai sauƙi a nan: mutum ya ragu fiye da yadda shekarunsa suka hukunta, amma har yanzu yana iya riƙe kansa. Wasu daga wannan rukuni sukan zarce zuwa gigi, wasu su tsaya a nan, wasu ma su farfaɗo. Hukumar ta ƙiyasta masu cikakken gigi a duniya sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Alƙaluman Nijeriya da aka fi ambata sun cancanci a tsaya a kansu. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, wanda Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suke cikin jagororinsa, ya ba da rahoto a 1995 cewa kashi 2.29 cikin ɗari na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan ne suke da gigi, alhali adadin ya kai kashi 8.24 a tsakanin baƙar fatar Indiyanafolis. A 2006 Oye Gureje da abokan aikinsa suka samo kashi 10.1 a yankin Yarabawan, da wani ma'auni dabam. A shekarar kuma wani bincike a Jos ya ba da kashi 6.4. Mafi kusa da Durun shi ne na Zariya, wanda A. J. Yusuf da abokan aikinsa suka wallafa a 2011: sun gwada tsofaffi 322, suka samu kashi 2.79, wato mutum tara ke nan. Da a ce mutum huɗu kacal sun kuɓuce wa ma'aunin, da adadin ya tashi zuwa kashi 4.

A ɗauki wannan a ɗora kan Kabo don misali. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar, ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 150,000. Idan aka ƙaddara kashi 3 cikin ɗari sun kai shekara 65, kamar yadda ake ƙiyasta wa ƙasa baki ɗaya, tsofaffi kusan 4,500 ke nan. Da ma'aunin Zariya masu gigi za su kama 125. Da na Gureje za su haura 450. Jami'in da aka ba wa waɗannan lambobi biyu aka ce ya tsara ma'aikata da magani, ba a ba shi komai ba.

Wannan saɓani ba a Nijeriya kaɗai yake ba. Ƙungiyar bincike ta 10/66, wadda sunanta ke nuni da cewa ƙasa da kashi 10 na bincike ne ake yi a kan kashi 66 na masu cutar, ta gwada tsofaffi kusan 15,000 a ƙasashe bakwai, ciki har da Meksiko da Indiya da Sin, ta fitar da sakamako a 2008. Da ma'aunin likitocin Amurka, adadin ya faɗi har kashi 0.3 a karkarar Indiya. Da ma'aunin ƙungiyar, wanda aka tsara don kauce wa tasirin boko da al'ada, babu inda ya gaza kashi 5.6. Ɗaya daga dalilan da masu binciken suka lura da su shi ne, a wuraren da ba su ci gaba ba dangi ba su cika faɗin cewa tsohonsu ya ragu ba. Ita kuwa Meksiko, tun 2001 take bibiyar dubban mutane 'yan shekara 50 zuwa sama, ana komawa wurinsu bayan 'yan shekaru. Daga wannan aiki ne aka wallafa a 2011 cewa kashi 6.1 na 'yan shekara 60 zuwa sama suna da gigi, kashi 28.7 kuma suna da raunin tunani da bai kai gigi ba. Wato a bayan kowane mai gigi guda akwai kusan mutum biyar da suke kan gaɓa. Wannan babban rukuni shi ne mafi wuyar ganowa, domin iyakar da ke tsakaninsa da lafiya 'yan maki ne a takardar gwaji, kuma waɗannan 'yan maki su ne harshe da al'ada suke iya ci ko su ƙara.

To me takardar gwajin take tambaya? Wadda ta fi shahara, MMSE, ta Folstein da abokan aikinsa ce ta 1975, mai maki 30. Tana neman mutum ya faɗi shekara da wata da kwanan wata, ya yi ta ɗebe bakwai daga ɗari, ya karanta jimla ya aikata abin da ta ce, ya rubuta tasa jimlar, ya kwaikwayi zanen siffofi biyu masu kusurwa biyar. Ta biyu, MoCA, wadda aka tsara a Kanada, tana sa a zana agogo, a haɗa lambobi da haruffan boko bi da bi, a jero kalmomin da suka fara da wani harafi cikin minti guda, a kuma faɗi sunayen dabbobi uku daga hoto: zaki da karkanda da raƙumi. Raƙumi kam ba zai gagari kowa a ƙasar Kano ba. Karkanda fa? Dattijon da ya ce mugun dawa ne ko wata irin saniya, ya rasa maki, alhali ƙwaƙwalwarsa ƙalau take.

Wanda ya cika shekara 65 a 2025 an haife shi a 1960, yana da shekara 16 lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976. Ke nan mafi yawan tsofaffin karkarar Kano na yau, musamman mata, makarantar allo suka yi. Baƙaƙen da suka sani su ne irin su ba-guje da kaf-lasan, rubutunsu daga dama yake farawa. A takardar gwaji akwai gurbin shekarun karatu, domin da shi ake daidaita maki. Alarammar da ya haddace izu sittin, ya kuma rubuta su da ka, me za a cika masa a wannan gurbi? Idan aka rubuta sifili, an haɗa shi rukuni guda da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, kuma zai iya yin mummunar raguwa ya ci gaba da haye ma'aunin da aka sassauta. Idan aka auna shi da ma'aunin 'yan boko kuma, zanen agogo zai kayar da shi. Kowanne aka bi an yi kuskure, sai dai kuskuren ya sha bamban.

Haka batun lokaci. Manomin Durun ya san yau Talata ce, ya san kwana nawa ga watan Rajab, ya san ko an shiga bazara ko da saura, ya san saura kwana nawa kasuwa ta ci. Tambayar kwanan watan Bature ba ta auna saninsa da lokaci; tana auna kusancinsa da albashi ne. Lissafi ma haka: wanda zai daburce in an ce ya ɗebe bakwai daga ɗari, shi ne zai faɗi kuɗin tiya goma sha uku na dawa kafin mai tambaya ya gama danna wayarsa, wataƙila ma ya ba da amsar da jaka da fam. Su kansu shekarun da ake kasa mutane da su, ba takarda ce take riƙe da su ba. Sai an bi ta abubuwan tarihi: zuwan Sarauniya a 1956, naɗin Sarkin Kano Ado Bayero a 1963, kisan Sardauna a 1966, komawa tuƙi hannun dama a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Tsara irin wannan kalanda ta yanki, wadda za ta ƙunshi fari da yunwa da sarautun Kabo da Gwarzo da sunayen da mutanen wurin suke kiran su da su, aikin masanin tarihin baka ne.

Ba a ce masana lafiya sun yi barci a kan wannan ba. Masu aikin Ibadan sun ƙirƙiro gwajin da ya haɗa tambayar tsoho da tambayar wani makusancinsa, kuma Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa sun fito da dabarar jera tsinken ashana huɗu a madadin zane da fensir. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Sai dai tambayar makusanci tana da nata tarko a ƙasar Hausa, kuma a nan ne lamarin ya fi zurfi.

Ɗa Bahaushe da baƙo ya tambaye shi ko mahaifinsa ya fara ruɗewa, amsar da tarbiyya ta koya masa ita ce, "Alhamdu lillahi, jiki da sauƙi." Faɗin kasawar mahaifi a gaban bare tonon asiri ne. Wadda ta fi kowa sanin gaskiyar lamarin sau da yawa matar ɗa ce, mai kai abinci da wanki da jin tambaya guda sau goma a wuni, amma ita ce mafi ƙarancin ikon buɗe baki a kan uwar miji ko uban miji, balle a gaban mijinta, balle kuma ga namijin da ba ya wuce zaure. Ita tsohuwar da kanta, idan ma'aikacin lafiya ya nemi ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari don ya gwada tunaninta, za ta yi shiru ko ta kawar da kai. Wanda bai san alkunya ba zai rubuta cewa ta manta. A ɗaya gefen kuma, gaisuwar Hausa doguwa ce mai tsari, kuma abin da harshe ya saba da shi tun ƙuruciya, kamar gaisuwa da addu'a da karatun salla, yana cikin abubuwan da suke daɗewa ba su goge ba. Tsoho zai iya amsa kwana da gajiya da iyali da sanyi ba tuntuɓe, baƙo ya tashi yana cewa ai lafiyarsa ƙalau, alhali bai san wanda ya gaishe shi ba.

Akwai kuma tsarin gida. Sharaɗin kiran abu gigi a likitance shi ne ya hana mutum ayyukansa. To a gidan gandu, tun kafin dattijo ya ragu 'ya'ya sun karɓi noma, tsohuwa kuma ta daɗe da barin girki ga surukai. Wanda aka sauke wa kowane nauyi, ta ina za a ga ya kasa? Tambayoyin da aka tsara don masu biyan kuɗin wuta da cike takardun banki ba za su kama komai a nan ba. Alamomin suna wani wuri: yawan rikicewa a adadin raka'a har ƙabli da ba'adi su zama na kullum ga wanda da ba haka yake ba, maimaita alwala ko tsallake gaɓa, ɓatan lissafin zubi ga uwar adashi, kasa warware dangantaka ga tsohuwar da a da ita ake tambaya wane ɗan wane ne, saɓa wa kai a kan iyakar gona. Liman da maƙwabcin sahu sukan riga ɗan cikin gida lura. Babu likitan da zai zauna a Kano ko Ibadan ya ƙago wannan jeri. Sai wanda ya san rayuwar ya tattaro shi daga bakin masu ita, sannan likita ya gwada ingancinsa.

Sai batun suna, wanda shi ne ya fi shafar masu wannan fage kai tsaye. Kafofin yaɗa labarai sun fi amfani da "cutar mantuwa". Sunan yana da amfani domin ya kira abin cuta, amma ya taƙaita shi ga mantuwa, alhali wani da canjin hali yake farawa, wani da ɓacewar kalmomi, wani da gane-gane. "Gigin tsufa" da "ruɗewa" su ne na bakin jama'a, ba su da zafi, sai dai sun jingina abin ga tsufa, kamar furfura, abin da ba a kai wa asibiti. Illar wannan babba ce, domin wasu abubuwan da suke kama da gigi suna da magani: ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, rashin ji, ruɗewar da zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko wani magani yake jawowa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ciki har da hawan jini da ciwon sukari da raunin ji da na gani, waɗanda ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigi. Idan kuwa aka ce "taɓin hankali" ko "hauka", an jawo wa gida abin gori da zai iya shafar auren jikoki, sai a ɓoye tsoho a ƙuryar ɗaki. Wanda yake ficewa ya yi ta tafiya a ce kurciya aka yi masa, mai surutai a ce iska ce ko sammu, kuma a sassan Nijeriya an sha jin tsohuwar da aka tsinta tana gararamba da dare an yi mata ƙazafin maita. Kowane suna da ƙofar da yake kai mutum. Shi kuwa matakin tsakiya, raunin tunani mai sauƙi, laƙabin da aka ba shi a nan na wucin gadi ne, yana jiran wanda ya fi shi.

Fagen nazarin Hausa yana da kayan wannan aiki. Akwai al'adar ƙamus tun daga Bargery a 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, akwai gogewar ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi irin wadda Ɗalhatu Muhammad ya jagoranta a 1990, akwai ayyukan Aliyu Muhammad Bunza a kan magungunan gargajiya, da na Lewis Wall da Murray Last a ƙasar Malumfashi, wadda hanyar Gwarzo zuwa Dayi take kaiwa gare ta. Alƙur'ani ma ya ambaci matakin rayuwar da sani yake gushewa a Suratun Nahli, aya ta 70, da Suratul Hajji, aya ta 5, don haka yadda malaman tafsiri suke fassara wurin da Hausa wata taska ce ta kalmomi da ta cancanci a tattara.

Mai ja zai ce ƙasar da take fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wurin haihuwa ba ta da sararin wannan. Hujja ce mai nauyi, amma ba ta kore bukatar ba. Gajartar matsakaicin tsawon rai a Nijeriya mutuwar ƙananan yara ce take jawo mafi yawanta. Wanda ya kai sittin yakan ƙara shekaru masu dama, kuma yawan irinsu ƙaruwa yake yi. Ƙasar ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa bisa dokar 2017, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Dokokin za su bukaci alƙaluma, kuma za a samo su ko da manazarta Hausa ko babu su. Bayan haka, lamarin yana shiga kotu. A fiƙihun Malikiyya ingancin ciniki da kyauta da wasiyya da saki da shaida duk yana rataye da hankali. Gonar da dattijo ya sayar shekara guda kafin kowa ya yarda ya ruɗe tana iya raba zumuncin gida har jikoki, kuma alƙali zai dogara ne da kalmomin da shaidu suka siffanta halinsa da su.

Akwai wani ɓangare da ya kamata ya taɓa masu duba kundayen digiri. Kaso mai yawa na abin da aka rubuta a kan tarihin garuruwa da sana'o'i da waƙoƙin baka ya dogara ne da hira da dattawa, kuma yawan shekarun mai ba da bayani shi ake ɗauka hujjar ingancinsa. Mai raunin tunani yakan riƙe tsohon labari fiye da na jiya, don haka bai zama abin yarwa ba, hasali ma shi ya fi cancanta a hanzarta zuwa wurinsa. Amma wanda abin ya yi nisa yakan cike giɓin da ya samu da abin da bai faru ba, ba da nufin ƙarya ba, kuma cikin cikakkiyar natsuwa. Ɗalibin da aka tura Durun da rikoda ya kamata a ce an koya masa ya koma sau biyu, ya sake tambaya ta wata fuska, ya kuma gwada da bakin wani.

Aikin da ake nema ba mai tsada ba ne. Sassan Hausa na Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato suna da ɗalibai 'yan asalin irin waɗannan garuruwa, maza da mata, waɗanda za su iya shiga inda baƙo ba ya shiga, su naɗo yadda ake siffanta tsohon da ya fara canzawa, da izinin iyalinsa kuma ba tare da bayyana kowa ba. Daga nan a zauna da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa a tace tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ko jerin kalmomi goma da ake karanta wa tsoho don ya maimaito bayan ɗan lokaci yana bukatar masanin tsarin sauti. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka ma'aikaci biyu za su iya karanta "gari" ko "kuka" ko "fara" ta hanya biyu, ɗaya ya nufi na tuwo ɗaya ya nufi na zama, ga kuma tsoho mai nauyin kunne yana sauraro. Dole a zaɓi kalmomin da ba su da tagwaye, masu kusancin tsawo, waɗanda Bakano da Bakatsine suke kira da suna guda, domin Gwarzo tana bakin iyakar jihar Katsina, kuma takardar da aka tsara don Durun za a so ta yi aiki a Dayi.